Hujjar da Baba Ya Ba Ni

Mu huɗu muka fara ƙungiyar muhawara ta kwalejinmu a ƙasar Yarabawa, ina shekarata ta biyu. Ba mu da ɗaki, duk ajin da aka tashi nan muke haɗuwa ran Laraba, tare da wata malamar Turanci, Bayarabiya, wadda ke buga cokali a jikin kofi idan lokacin mutum ya cika. Ni kaɗai ce Bahaushiya. Abokiyar zamana a teburi 'yar unguwar Mokola ce, mai saurin baki, kullum tana ce mini in daina kallon ƙasa idan ina magana.

Gasarmu ta farko da wata kwaleji, aka ba da batu cewa unguwannin baƙi irin Sabo, unguwarmu ta Hausawa, sun gama amfani, gara kowa ya bazu cikin gari. Aka jefa ƙuri'a, goyon baya ya faɗo mana. Na koma gida ina tunanin yadda zan soki unguwarmu.

Baba fataken goro yake saukewa, tun yana saurayi yake Sabo. Bayan la'asar ina maimaita jawabina a tsakar gida, ya shigo daga zaure ya tsaya. Turancinsa na ciniki ne, amma ya ji sunan unguwar yana ta fitowa.

"Me Sabo ta yi miki?" in ji shi.

Na yi masa bayani a tsorace, ina jiran faɗa. Sai ya jawo tabarma ya zauna, ya ce in maimaita da Hausa. Da na gama ya girgiza kai.

"Cunkoso da kwata kawai? Ai ko mai tallar lemo zai kayar da ke."

Sannan ya ba ni labarin wani Bayarabe da ya daɗe yana kawo masa goro daga gona. Mutumin ya zo sunana, ya ci tuwon gidanmu ba adadi. Da ya rasu Baba bai ji ba, sai bayan makonni da ɗansa ya kawo kaya.

"Ban san ƙofar gidansa ba, balle in je gaisuwa," in ji Baba. "Masallaci, mahauci, wanzami, duk suna nan kusa da ni, shi ya sa ban taɓa fita ba. Ki faɗa musu wannan."

"Baba, kai ma so kake a watse?"

"Ko kusa. Amma ɓangaren da aka ba ki ke nan, ki riƙe shi da gaskiya."

Ranar gasar Baba ya zo, ya zauna can baya cikin farar babbar riga. Na ba da labarin ban faɗi ko na wane ne ba. An kayar da mu da ɗan ƙaramin rata, malamarmu kuwa ta rungume mu kamar mu muka ci.

A waje abokiyata ta durƙusa ta gaishe da Baba. Da gurgun Yarabancinsa ya tambaye ta ina gidansu yake, ya sa ta maimaita kwatancen sau biyu. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ƙunshe goro a ganye, ya ce in raka shi Mokola. Mahaifinta tsohon tela ne. Ya rasa inda zai sa Baba don murna, suka zauna a bakin shago suna harhaɗa yaruka uku har rana ta yi sanyi.

Ƙungiyar yanzu tana da ɗakinta, 'yan Sabo da yawa sun shiga sun fita. Baba da telan kuwa suka ci gaba da ziyartar juna, kowace sallah telan ne yake ɗinka wa Baba kaya, har idonsa ya daina ganin allura.