Tafkin da Kaka Ba Ta Taɓa Gani Ba

A ƙauyenmu da ke tsakanin Dutse da Kiyawa, idan an gama girbi sanyi ya shigo, Kaka takan hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta bayan sallar isha'i. Ita ce mahaifiyar babanmu. Mu jikokinta mukan kewaye ta, kowa na tura gyaɗarsa cikin toka. Ba ta fara tatsuniya sai kowa ya natsu. In wani ya yi surutu, sai ta yi shiru tana iza wuta har mu gaji mu roƙe ta.

Akwai guda da na fi so. Wai an yi wata shekara da rijiyoyi suka ƙafe. Wani makiyayi mai suna Tanko ya lura bunsurunsa yakan ɓace da safe, ya dawo da jiƙaƙƙen gemu. Ran nan ya bi shi. Suka hau dutse, suka ratsa kurmi mai duhu, sai ga tafki a can ƙoli, shuɗi kamar ruwan rini, sanyinsa har kama haƙori yake. A bakinsa wata tsohuwa na zaune. Ta nuna masa wani farin dutse da ke bisa tafkin, ta ce ruwa ne ya yi barci ya daskare, yana farkawa ɗigo-ɗigo. Ta yarda ya cika goransa kullum, amma kada ya kuskura ya fasa gaɓa.

Tanko ya yi ta jigila, hawa da sauka, ruwan ba ya isar gidansa balle maƙwabta. Wata rana ya ɗauki diga ya fasa gaɓar don ruwa ya gangara gari. Ruwa ya kwararo a wuni ɗaya, ya tafi da rumbuna, rairayi ya shanye sauran.

"Kaka, dutsen nan na bayan gari ne?" Nakan tambaya, don duwatsunmu ma sukan riƙe ruwa a ramukansu da damina.

"Naku ai jikansa ne, Habiba. Wancan sai mai nisan kwana."

Daga nan ta kaɗe zanenta ta ce, "Abin da ya taru da ɗigo, da ludayi ake ɗibarsa. Wuta ta mutu, tatsuniya ta bi ta, kowa ya nemi tabarmarsa." Mu kuwa mu tashi muna la'antar wautar Tanko.

Shekaru suka ja. Na zama ma'aikaciyar jinya a Dutse, har aka tura ni ƙaro ilimi Kanada. Wata Asabar abokan karatu suka ja ni wani gandun daji da gwamnati ke kula da shi. Muka bi siririyar hanya cikin dogayen itatuwa masu ƙamshi kamar na turaren wuta, numfashina na sama-sama. Da muka fito fili sai na tsaya cak. Ga tafki kwance tsakanin duwatsu, shuɗi mai ratsin kore, ko motsi ba ya yi. Can sama ga farar ƙanƙara ta lulluɓe kafaɗar dutsen. Matar da ke mana jagora ta ce narkewarta ce ke ciyar da tafkin, kuma kowace shekara tana ja da baya. Na tsoma hannu, sanyin ya ratsa ni har gwiwar hannu.

A lokacin tsufa ya riga ya taɓa Kaka, takan kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tuntuni. Duk da haka na kira Inna, mahaifiyata, ta bidiyo. A gida la'asar ce. Ta kai wayar kusa da fuskar Kaka.

"Kaka, ga tafkinki. Ga ruwan da ya yi barci."

Ta ƙura ido ta daɗe. "Wane tafki, yarinya?"

"Na Tanko. Ke kika ba mu labarinsa."

"Ni? To, ban san shi ba. Ba ni in ji."

Na zauna a kan wani kututture na ba ta, tun daga gemun bunsuru. Ta yi dariya a inda mukan yi dariya. Da na kai ƙarshe na faɗi maganar ludayi, sai ta girgiza kai.

"Allah sarki, bawan Allah. Kina cewa ya yi wauta. Kin taɓa ganin ɗanki na kukan ƙishirwa?"

Inna ta janye wayar ta ce za su yi alwala.

Kaka ta rasu kafin in dawo. Har yau na yarda da maganar ludayi, ina kuma faɗa wa 'ya'yana ita. Sai dai a asibiti nakan ga Tanko kusan kowane mako: uwar da ta ɗura wa yaro maganin kwana uku a wuni ɗaya don zazzaɓi ya sauka, mijin da ya ciro matarsa daga gado ya tafi neman mai magani na gaggawa. A da faɗa nake fara yi musu. Yanzu nakan jawo kujera in ce su zauna tukuna, in tambayi tun yaushe yaron bai yi barci ba.