Makullin Santur ɗin Baba

Na daɗe ina ɗaukar santur kayan kiɗan tsofaffi. Shekara goma sha ɗaya na yi a Jamus ina karatun injiniya, inda na saba da kiɗan da kowane sautinsa ke da ƙayyadajjen mazauni. Da na dawo Isfahan na tarar da akwatin katakon nan mai tsirkiya saba'in da biyu yana nan a ɗakin Baba, sai na ce a raina ƙarar cokali ce kawai a kan faranti. Har yau ban tabbata ba ko kiɗan ne ya fara jawo ni, ko haushin Kayumars.

Kayumars mai buga zane ne a kasuwa. Tun yana ɗan shekara goma sha huɗu yake tsoma hatimin katako a rini, ya ɗora a kan yadi, ya dake shi da gefen hannu, sau ɗaruruwa a yini. Hannunsa na dama ya yi kanta kamar tafin raƙumi. Yanzu ya haura arba'in, yana da 'ya'ya mata uku da babur wanda sai an tura yake tashi. A shekarar da na tafi ya kawo wa Mama shimfiɗar tebur, ya ji Baba na kaɗawa, ya tsaya a bakin ƙofa har aka kira azahar. Tun daga nan bai tsallake Alhamis ba.

Kunnen Baba ya fara nauyi. Ya ce kafin bikin Noruz na sabuwar shekara zai miƙa makullin saiti, ɗan ƙarfen da ake murɗa tsirkiya da shi, ga wanda zai riƙa kula da santur ɗin bayansa. Ni ne ɗansa namiji tilo, amma idan Kayumars ya zo sai in koma mai kawo shayi. Su yi ta magana ƙasa-ƙasa, su yi dariya, ban san abin da ya ba su dariya ba.

Wata Laraba Baba ya tafi gidan wanka, ya bar makullin a kan kanta. Na ɗauko wata 'yar na'ura da na zo da ita, mai nuna kore idan sauti ya zauna daidai. Wasu tsirkiyoyin na same su a rataye tsakanin sauti biyu, ba nan ba, ba can ba. Awa uku na yi ina murɗawa har duk suka nuna kore.

Washegari da hantsi Kayumars ya shigo da kwalin alewar gaz. Ya ɗauki siraran sanduna biyu da ake kaɗa santur da su ya ɗan taɓa tsirkiya, sai ya tsaya cak ya dubi Baba, wanda yake kira Usta, wato malam.

“Usta, wani ya mutu ne a cikin akwatin nan?”

“Ni na gyara shi,” na ce. “Ya karkace.”

“Sannu da aiki, Injiniya! Allah ya sa dai ba kai za a ba gyaran gadarmu ba, da ka miƙar mata da lanƙwasassun bakunan nan nata talatin da uku.”

Baba ya karɓi sanda ya daki tsirkiya ɗaya, ya kara kunne. “Ɗana,” in ji shi, “wannan da ka kora daga tsakiya, a nan gidansa yake. Turawa ne ba su ba shi ɗaki ba. Kayumars, mayar.”

Ya mayar, ba na'ura. Ya murɗa kaɗan, ya runtse ido, ya sake murɗawa, har shayinsa ya huce. Sannan ya fara kaɗawa, hannun nan mai kanta yana tafiya kamar ba ya taɓa komai. Sauti bai gama mutuwa ba wani ke faɗowa a kansa. Da ya iso kan wanda na kora, sai na ji muryar kakata tana lallashina in ci abinci. Ashe da shi take waƙa, da shi mai kankana ke talla a layinmu. Na so in ji daɗi kawai, amma abin da ya hana ni shi ne yadda Baba ke gyaɗa kai yana kallonsa.

Da ya gama, Baba ya tura masa makullin a kan kafet, ba tare da ya jira Noruz ba.

Na raka shi waje, na kama masa turin babur don kada ya ga fuskata. A ƙarshen layi na ce, “Yaya Kayumars, kai da ka samu komai, ka taɓa jin kishina kuwa?”

Ya juyo yana haki. “Ko ɗazu ma. Ka lalata masa santur ya ce maka ɗana. Ni da na gyara, shekara goma sha ɗaya, har yanzu Kayumars ne. Tura, Injiniya, tura!”