Ƙafar Tela a Kan Totur

Duk layin Anti Tela ake ce mata. Tun tana budurwa take kan keken ɗinki na ƙafa, a wani ɗan shago tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Ko hira take yi a kan benci, ka duba ƙasa za ka ga ƙafar damanta tana aiki ita kaɗai, yatsu su sauka, dunduniya ta tashi. Tuƙi kuwa bai taɓa burge ta ba. Maigidanta ne ke jan tsohuwar motarsu, ita nata ta zauna a gefe tana ba shi umarnin da ba ya bi.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Hannun dama ya mutu, baki ya karkace, magana sai an kasa kunne. Likita ya ce dole a riƙa kawo shi motsa jiki a kai a kai, in ba haka ba ƙafar ma za ta tafi. Masu tasi, Allah ya shirye su, da sun ga sai an ciccibi mutum sai su ce ba hanyarsu ba ce. Ga mota a tsakar gida, kaji na shan inuwa a ƙarƙashinta.

Yayan mijin ya zo dubiya, ya kalli ƙaninsa, ya kalli motar.

"Ƙanwata, ba raina ƙoƙarinki na yi ba," in ji shi. "Amma in wata ya ƙare babu mai kai shi, zan tafi da shi wajena. Yarana duk suna tuƙi, asibiti kuma a bayan gidana yake."

Garin yayan tafiyar wuni ce. Ita kuma ba ta isa ta rufe shago ta bi miji ba, ga yara a makaranta, kuma allurar nan ce ke ciyar da gidan.

"Yaya, a yi mini haƙuri. Ni zan koya."

Ta shiga makarantar koyon tuƙi. Sitiyari bai ba ta wuya ba, ribas kamar da shi aka haife ta, alamomin hanya ta haddace su tas. Ƙafar ce ta ci amanarta. Da ta ɗora ta a kan totur, abin da ake takawa a ba mota wuta, sai ta kama ɗinki: danna, saki, danna, saki. Mota ta yi ta zabura kamar akuyar da ake ja da igiya.

"Anti, ba riga muke ɗinkawa ba!" malamin tuƙi zai ce, yana dafe da wuyansa. "Ki danna ki bar ta a wurin."

"Wallahi na ce mata ta tsaya, Malam. Ba ta jin magana."

Babu dabarar da ba ta yi ba. Ta tuƙa ba takalmi, ta tuƙa da takalmin mijinta mai nauyi, ta danne gwiwa da hannu. Har ɗinki ta ajiye na kwanaki ko ƙafar za ta manta, masu kaya suka yi ta zuwa suna tsaki. In hankalinta a kwance yake, ƙafar takan yi biyayya. Da ta tsorata, sai ta koma sana'arta.

Ranar gwajin lasisi ta ratsa tayoyin da aka jera a fili ba ta taɓa ko ɗaya ba. Jami'in gwaji ya gyaɗa kai, ya ce su hau titi. Suna cikin tafiya wata tanka ta danna hon a bayansu. Shi ke nan. Kan jami'in ya yi gaba ya yi baya, tabarau ya faɗo masa a cinya.

"Tsaya, baiwar Allah, tsaya!"

Ta gangara gefen hanya, ta gaya masa komai, hawaye na zuba ba ta ko share ba.

"Na tausaya miki," ya ce a hankali. "Amma a haka za ki ɗauki mara lafiya a tsakiyar manyan motoci? Ki dawo gwaji na gaba, bayan wata ya ƙare."

Ta so ta ji haushinsa, ta kasa, domin gaskiya ya faɗa. Wannan ya fi komai yi mata ciwo.

Ranar da wata ya ƙare yayan ya zo, ita ta haɗa wa mijin kaya, ita ta tallafe shi zuwa kujerar gaba ta motar yayan, ta sunkuya ta ɗaura masa bel. Da za ta miƙe sai ta ji an riƙe ta. Hannunsa mai lafiya ne ya damƙe gefen mayafinta.

"Baban yara, saki mana," ta ce. "Yaya yana jira."

Bakinsa ya motsa, maganar ta ƙi fita. Bai saki ba. Yayan ya kawar da kai, injin yana ta kuka. Ita da kanta ta riƙa ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora masa hannun a cinya, ta rufe ƙofar.