Ranar Da Na Faɗi Sunan Ɗiyata

A lokacin ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Bukkuyum, da rani kuma in yi kabu-kabu zuwa Gummi. Mutane na yabona da haƙuri da kara. Yanzu da nake zuwa ajin yaƙi da jahilci, abin da na fara son rubutawa da hannuna shi ne yadda karar nan ta cuci ɗiyata.

Ita ce 'yar farinmu, don haka ni da uwarta ba mu faɗin sunanta, ba mu zama hira da ita. A ɗakin Inna, mahaifiyata, ta tashi. Tana da shekara sha biyar ta gaya wa Inna akwai ƙullutu a nononta na hagu. Inna ta yi dariya, ta ce girma ne ya zo, ta bar raki. Ina bayan zana ina gyaran babur, na ji komai, na yi kamar ban ji ba. Uba ya tsoma baki a zancen ƙirjin 'yar fari? Damina ta wuce, na lura ta daina ɗaga tulu da hannun hagu, duk da haka ban ce uffan ba. Inna ta kira wanzami ya yi mata sakiya. Da wurin ya ƙi warkewa, ya ce ciwon daji ne, kuma daji ba ya son allura, kada a kuskura a kai ta asibiti. Na raka shi har ƙofar gida ina godiya.

Wata ma'aikaciyar lafiya mai zagayen duba yara saboda gubar dalma ce ta ga ɗiyata. Ta fito zaure ta tambaye ni ko ni ne uban, ko kuwa baƙo ne a gidan. Ta sa muka kai yarinyar asibitin Anka, daga can aka tura mu babban asibiti. Suka ɗebi ɗan nama suka gwada, likita ya ce sankarar mama ce, wadda da wuya ake ganinta a yarinya kamarta. Ya ce da mun zo da wuri, watakila ƙullutun kaɗai za a cire. Nonon duka aka cire.

Ranar aikin aka tambaye ni sunanta, na faɗa a gabanta. Ta ɗago ta dube ni, ta ce ashe na san shi.

Tana raye, alhamdu lillahi, amma abin da aka yanke ba ya dawowa. Likita ya ce yawancin ƙullutun 'yan mata ba daji ba ne, sai dai gwaji ke bambancewa. Iyaye maza, in kun ji ta bayan zana, ku shiga. Ni kunyata na tsare, ita ta biya da jikinta.