Tarin da ke cikin kaset

Kakana mutum ne mai alfahari da kunnensa, ko da yake sai ka kira shi da ƙarfi kafin ya waiwayo. Shekarar da damina ta ƙi, dangi daga Gaffati suka cika mana gida a Zinder, hatsi ya yi ƙasa a buhu. Wani maƙwabci ya ce zai ba da gero in aka ba shi babbar rediyon Kaka. Kaka ya ƙi, domin da ita yake jin wani tsohon kaset na algaita da aka ɗauka ranar sunan babana.

Na kai kaset ɗin wurin wani mai ordinatar, wato kwamfuta, ya kwashe busar. Ta yi wa kat ɗin ajiya na salulata girma, sai ya matse ta, ya ce ko ƙwaya ba ta zube ba, kamar a naɗe zane a sa cikin akwati.

Da na gaya wa Kaka kalmar "matsewa", sai ya taɓe baki.

"Abin da aka matse ai ya rame, amarya. Dubi shanun bana."

Amarya yake kirana, irin wasan kaka da jika, ni kuma ba na raga masa. Na zaunar da shi bayan labule, na ce zan sa masa wadda aka matse da wadda ba a matse ba, ya bambance. Na sa masa matsattsiyar. Ya ce wannan ta rame ƙwarai. Na sake sa ita ɗin dai. Ya ce yawwa, ga mai ƙiba. Matan gida suka toshe baki da mayafi.

"Tsoho, kunnen nan naka ya kai kasuwa."

Bai kula ni ba. Ya ce in bar ta ta ci gaba, kada in taɓa. Can wajen ƙarshe, inda mai busa ya tsaya shan iska, sai aka ji wata mace ta yi tari, ta yi 'yar dariya. Ban taɓa lura da wurin ba. Kakata ce, wadda ta rasu kafin in yi wayo.

Dariyata ta tsaya, tausayinsa ya kama ni.

"Tana nan," in ji shi daga bayan labulen. "Ku kai wa maƙwabcin rediyon."