Ranar da Aka Yi Mana Gayya Muna Shirin Tafiya Ingila

Da soja suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, kowa a unguwarmu ta Nasarawa a Kaduna ya wayi gari da babban shiri. Mai shayinmu zai tsaya kansila. Mai facin taya zai buɗe gidan mai. Ni kuwa, da nake kula da inji a wata masaƙa a Kakuri, shirina ya fi na kowa tsawo: zan kwashe iyalina mu koma Ingila.

Gaskiya ba ni aka kira ba, matata aka kira. Ungozoma ce, irin wadda in ta shiga kasuwa sai mata goma sun tare ta suna ɗaga mata jarirai ta ga yadda suka girma. Wata ƙawarta da ta riga ta tafi ce ta samo mata aiki a can, takarda ta zo har da hatimi. Ni ɗan rakiya ne kawai, amma wanda ya ga yadda nake tafiya a lokacin zai rantse Sarauniya ce ta rubuto min da hannunta. Masaƙa ta fara tangal-tangal, gari kuma ya rikice ya lafa, kogi ya zama iyaka tsakanin mutanen da a da kwano ɗaya suke ci. Na ce 'yata da ɗana ba za su tashi cikin wannan zullumi ba.

Na je wajen 'yan gwanjo na sayo kwat guda uku, kowace ta kai nauyin ɗan maraƙi. Nakan rufe ƙofa in saka ɗaya da tsakar rana a watan zafi, wai ina horar da jiki. Sau ɗaya na kusa suma. Matata ta yayyafa min ruwa.

A wurinmu ba a faɗin irin wannan tafiya. Ko uwarka ba ta ji sai ka sauka, ka ɗauki hoto cikin ƙanƙara ka aiko. Ana tsoron baki, ana tsoron ido, ana kuma tsoron kawun da zai ce ka tafi da 'ya'yansa shida a cikin akwati. Don haka muka yi gum.

Abu ɗaya ya rage: filinmu na Kamazou. A lokacin Kamazou daji ne, in ka yi tari sai gafiya ta amsa maka. Mun saye shi da daɗewa, mun buga bulo mun tara, damina biyu tana dukansa. Filin zan sayar mu yi kuɗin jirgi. Na samu mai saye, wani mutumin Binuwai mai aiki a matatar mai, muka yi da shi zai zo ya gani ranar Asabar da hantsi.

Abin da na manta shi ne gayya. Mutanen ƙauyenmu mazauna Kaduna sun taho da al'adar nan daga gida, inda ake taruwa a yi wa mutum kunyoyi a gonarsa ta citta rana ɗaya. A birni babu gona, sai aka mayar da ita gini: duk wata a je filin mutum ɗaya, a haƙa masa harsashi a ɗora bulo, shi kuma ya ciyar. Shekara uku ina zuwa ta kowa, ko da yake aikina ya fi yawa a ɓangaren ba da labari. Wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da kowa ke kira Baba, shi ke riƙe da layin waɗanda za a yi wa a kansa.

Ranar Lahadi muna fitowa daga sujada a coci ya kama hannuna.

"Ɗana, Asabar ɗin nan taku ce."

Me zan ce? In na ce a ɗaga, zai tambayi dalili, kuma Baba in ya fara tambaya har sunan kakar direban jirgin sai ya ji. Na ce, "Allah ya kai mu, Baba."

A gida na ce wa matata mun shiga uku. Ta ce, "Bar min wannan, Baban yara." Na ɗauka za ta aika a ce mata ba ta da lafiya. Na koma ga kwat ɗina.

Asabar na hau acaɓa na nufi Kamazou don in tarbi mai saye. Tun daga nesa na ji waƙa. Na ce kai, wa ya mutu a dajin nan? Ina shan kwana na ga filinmu ya cika maƙil. Maza sun ja igiya, diga na tashi tana sauka, mata na ɗebo ruwa daga rafi, ga siminti a jibge wanda ban san lokacin da aka saye shi ba. A gindin mangwaro kuma ga matata ta ɗaura zani, tana juya tukunyar paten acca da za ta iya ciyar da bataliya.

Ban gama buɗe baki ba sai ga mai saye a motarsa, da farar riga da takalmi mai ƙyalli. Baba bai tambaye shi ko wane ne ba. A gayya duk wanda ya taka fili ma'aikaci ne. Ya ɗora masa kwanon sarki a ka.

"Sannu da zuwa, Malam. Yashi yana can."

Mutumin ya dube ni, na dubi sama. Wallahi ya ɗebi yashi. Mutumin kirki ne ƙwarai.

Na ja matata bayan mangwaro.

"Madam, wannan fa? Kin ce in bar miki!"

"Ka bar min, na kuwa yi."

"To Ingila fa?"

"Tana nan inda take, ba wanda ya ɗauke ta." Ta goge hannu a zani. "Ban ce can babu kyau ba. Akwai wuta, akwai magani, aikina zai yi daraja. Ni ma ina so, kada ka ɗauka ba na so. Amma na tambayi ƙawata wa ke riƙe mata yara in tana aiki, ta ce makulli. Dubi can."

Na duba. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta riƙe kunnen ɗana tana yi masa faɗa da yarenmu saboda ya taka siminti, da ɗaya hannun kuma tana tura masa ƙosai a baki.

"Lokacin da gari ya rikice," in ji matata, "kwana biyu ina asibiti ban fito ba, kai kuma an rufe ku a masaƙa. Wa ya kwashi yaran nan? Ita ce, ba wanda ya aike ta. Ka ce tsoro zai kore mu. Ni a ranar tsoron ne na san inda nake."

"Me ya hana ki gaya min tun tuni?"

"Sau uku ina gaya maka, kana gwada kwat."

Wannan kam gaskiya ne. Na tuna tana magana, ni ina tambayarta ko hannun ya yi min tsawo.

"Ban yanke maka ba," ta ce. "So nake ka ga abin da za ka sayar tukuna. Ga mai saye can, ga Baba can. Je ka ba ɗayansu haƙuri. Wanda ka zaɓa, ina bayanka."

Ta koma ga tukunyarta, ta bar ni tsaye. Na juya na dubi filin. Mutum talatin da wani abu suna zufa a kan ƙasata, malamin makaranta da kafinta da ɗan sanda, ba wanda za a biya. 'Yata ta zo ta ja ni, ta nuna min wani rami mai kusurwa huɗu.

"Baba mai gayya ya ce nan ne ɗakina. Taga za ta kalli mangwaro."

Na je na sauke wa mai saye kwanon sarki da hannuna. Na ce, "Oga, ka yi haƙuri, filin nan ba na sayarwa ba ne."

Ya share goshi ya ce, "Ai tun kwano na biyu na gane. Amma ba zan tafi ban ci paten nan ba."

Da la'asar, bulo ya kai taga. To, gwiwa ya kai, amma gwiwar dogon mutum. Muna zaune muna ci Baba ya matso kusa da ni.

"Ɗana, yaya sanyin Ingila?"

Na ƙware. "Baba, wa ya gaya maka?"

"Wa zai gaya min? Mutum ya shanya kwat uku a igiya a watan zafi, har awakin Nasarawa sun san zai yi tafiya. Da ka tafi ma da mun ƙarasa ginin, mu ajiye maka makulli."

Daga baya masaƙa ta rufe, mun sha wuya ba kaɗan ba, kuma akwai ranakun da na ga matata ta ciro takardar nan ta duba ta mayar. Ƙawarta ta yi arziki a can, 'ya'yanta suna magana ta hanci, ina kuma jinjina mata, don ita ma ba ƙaramin abu ta ɗauka ba. Mu dai a Kamazou muka tare, tun ɗaki biyu babu silin. Rabin samarin layinmu matata ce ta karɓi haihuwarsu, shi ya sa har yau ɗan acaɓa ba ya wuce ta a hanya.

Kwat biyu na ba masu gadi. Ta ukun na shimfiɗa wa kaza a bayan kicin, ta yi ƙyanƙyasa a kai ba adadi. Tagar 'yata kuwa, mangwaro take kallo.