Kat-kat ɗin da ba ta san taɓo ba

Habibou ɗan Madekali ne, nan kusa da Malanbil, a gonar shinkafa ya girma kamar kowa, ko da yake yanzu in ka tuna masa sai ya ɗaure fuska. Shekara tara ya yi a Kotonu yana wanke motocin da ake saukewa daga jirgin ruwa. Da ya dawo Malanbil, ya dawo da wata farar kat-kat, irin motar nan mai ja da ƙafa huɗu wadda aka ƙera don jeji da laka. Ni maƙwabcinsa ne, ni na buɗe masa ƙofar gida ran da ya shigo da ita.

Wajen yin takardar mota aka tambaye shi, motar kaya ce ko ta shiga? Gogan naka ya ce ta shiga, wai shi ya wuce a kira shi direban kaya. Tun daga nan takardar ta zama garkuwarsa. Kullum safiya ya wanke mota, ya je bakin gada ya dawo. Abin haushi, ko ƙasar Gene, garin da ke nan kusa, tayar motar ba ta taɓa takawa ba.

Damana ta uku kogi ya fara cika da wuri. Yayansa Zahiru, wanda ya sayar da bijimi ya yi masa kuɗin tafiya Kotonu tun farko, ya zo a kan babur, laka har gwiwa. Shinkafarsa ta shekara na tsibe a fadama, ruwa na matsowa.

"Habibou, kwana biyu ya rage ruwa shi ci ta. Motarka kaɗai ka iya shiga."

Habibou ya zaro takarda ya kaɗa. "Yaya, wagga mota ba ta kaya ba ta. In jandarma sun gan ni da buhu, amshe ta za su yi."

Wane jandarma ne zai bi ka cikin fadama da damana? Na faɗa masa haka a gaban yayan nasa. Ya ce doka doka ce, yana goge madubi da hannun riga. Zahiru ya koma da shanu biyu da amalanke, ya tsira da abin da bai kai rabi ba.

Bayan sati ruwa ya shigo unguwarmu. Habibou ya tashi tserewa da mota, ta nutse cikin taɓo a ƙofar gida. Ashe shekara uku bai san yadda ake sa ƙafafun gaba su ja ba! Ya aika wa Zahiru a kawo shanu.

Ɗan aike ya dawo shi kaɗai. Ya ce, "Yaya ya ce a gaishe ka. Shanu nai na kaya na, ba su da takardar jan motar shiga."